Me marubuci ke yi ranar da ya kammala littafi?

Malama, kin tambaya ko marubuta labari na yin biki idan sun gama littafi. Galibinmu dai "Tammat bi hamdillah" muke rubutawa a shafin ƙarshe, yadda malaman ajami suka saba, sai ramakon barci. Wasu kan yi sadakar ƙosai ko 'yar walima. Ni kam tsiren unguwar Obalende ta Legas ya ishe ni, in cunkoson hanya daga Agege ya bari.

Shagalin gaske sai ranar ƙaddamarwa, inda masu hannu da shuni ke sayen kwafi da tsada. Amma kada ki kira taro tukuna. Ajiye rubutun wata guda, ki sake karantawa, sannan ki kai wa mai tacewa.