Agogona ba ya kai dare da caji: laifin batir ne ko na saiti?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara biyu ke nan da na sayi Apple Watch. Da farko idan na cire shi daga caja da safe, har na kwanta da sauran caji. Yanzu yamma ba ta yi sai ya fara neman caja. Batirin ne ya mutu, ko akwai abin da zan gyara?

Amsa: Yauwa, ɗan'uwa. Kafin ka kashe komai a cikin agogon, fara auna batirin. Abubuwa biyu ne ake yawan haɗawa: batirin da ya tsufa, da batirin da lafiyarsa ƙalau amma wani abu yana zuƙe shi. Maganinsu daban ne.

Shiga wurin saiti a kan agogon, ka buɗe sashen batir, sannan ka taɓa inda aka rubuta lafiyar batir. Za ka ga wani adadi cikin ɗari, wanda ke nuna yawan cajin da batirin ke iya riƙewa yanzu idan aka kwatanta da ranar da yake sabo. Apple ya ƙera batirin agogonsa ne don ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 bayan cikakken caji sau 1,000. Kalmar "cikakken caji" tana rikita mutane. Idan ka yi amfani da rabin caji yau, gobe ma rabi, sun haɗu sun zama guda ɗaya ne. Mai caji sau ɗaya a rana zai ɗauki kusan shekara uku kafin ya kai dubun nan.

To, idan adadin ya sauko ƙasa da 80, batirin ya gaji, kuma babu dabarar saiti da za ta maido masa ƙuruciyarsa, sai canji. Idan kuwa yana sama da 85, ɓarawon yana cikin gida. A wannan shafin na batir akwai zanen da ke nuna yadda cajin ya riƙa sauka. Duba shi da kyau, ka tuna abin da kake yi a lokacin da layin ya gangara da sauri.

Ka tuna girman abin da muke magana a kai. Batirin waya yakan kai 4,000 zuwa 5,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), na agogo kuwa yawanci ɗari biyu da wani abu ne zuwa ɗari shida. Tulu ne da kofi. Abin da waya ba za ta ji a jikinta ba, shi zai kwantar da agogo.

Fuskar agogon ita ce kan gaba wajen ci. Tun daga samfurin Series 5 na 2019 Apple ya kawo fuskar da ba ta mutuwa, tana nuna lokaci ko hannunka na ƙasa. Tana da kyau a ido, amma kashe ta kaɗai yakan ƙara maka awanni. Sannan fuskar irin ta OLED ce, wato duk ɗigon da yake baƙi a kashe yake, ba ya shan wuta. Hoto mai haske da ya cika fuskar ya fi baƙar fuska mai lambobi kawai cin caji. Sai saƙonni: duk wanda ya shigo, agogon zai yi rawa a hannunka, ka ɗaga, fuskar ta kunnu. Mutumin da ke cikin rukunin WhatsApp goma ya kirga sau nawa hakan ke faruwa a wuni. Ka bar kira da saƙon mutanen da suka dame ka, sauran su tsaya a waya.

Akwai kuskuren da nake so ka guje wa, domin na ga mutane da yawa suna yin sa da kyakkyawar niyya: kashe Bluetooth na waya don a tanadi caji. Bluetooth ita ce hanya mafi sauƙin wuta tsakanin agogo da waya. Da zarar ka yanke ta, agogon zai koma neman Wi-Fi, ko layin sadarwa idan mai layi ne, kuma waɗannan sun fi ci nesa ba kusa ba.

Ban da sha'awar a kashe duk abin da aka sayi agogon dominsa. Ɗan koren hasken nan da kake gani a bayansa idan ka cire shi daga hannu, shi ke auna bugun zuciyarka. Idan don lafiyarka ka saye shi, bar shi ya yi aikinsa. Ranar da tafiya ta kama ka nesa da caja, kunna tsarin tanadin wuta da ya zo da watchOS 9, wato manhajar da ke tafiyar da agogon, a 2022. Yakan miƙar da awa 18 da kamfanin ya yi alkawari a lokacin zuwa wajen awa 36.

Tambaya: Malam, ni Galaxy Watch nake ɗaurawa. Na saba barin shi kan caja dare har safe, kuma wani lokaci nakan same shi da ɗumi. Hakan na cutar da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗumin ne ya fi damuna, ba daren ba. Agogon yana tsayar da cajin da kansa idan ya cika. Amma batirin lithium ba ya son zafi, ba ya kuma son daɗewa a cike maƙil ko a ƙare ƙaf, kuma ɓarnar da zafi ya yi masa ba ta gyaruwa. Cajin da ba na waya ba, wanda ake ɗora agogo a kan ɗan faifai mai maganaɗisu, dama yakan fitar da zafi kaɗan. Kada ki ƙara masa da ajiye shi ƙarƙashin matashin kai, ko cikin mota a rana. Ki goge bayan agogon daga gumi da ƙura, ki tabbatar ya zauna daidai kan cajarsa ta asali. Da ni ne ke, da na riƙa ba shi caji lokacin wanka da shiri, na ɗaura shi da dare ya auna barcina. Manhajar Galaxy Wearable da ke wayarki za ta nuna miki abin da ya fi cin batirin.

Idan kika ga gilashin ya fara ɗagowa daga jikin agogon, batirin ne ya kumbura. Cire shi daga hannu da caja nan take, kada ki danna shi ya koma, ki kai wa mai gyara.

Tambaya: Na sabunta manhajar agogona jiya, yau cajin yana zuba kamar ruwa. In mayar da shi yadda ya fito daga kamfani?

Amsa: Dakata tukuna. Bayan sabuntawa agogon yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana kintsa bayanansa a ɓoye, kuma aikin na cin wuta. Kashe shi ka kunna, haka wayar ma, ka ba shi kwana uku. Idan bai daidaita ba, raba shi da wayar ka sake haɗa su.