Rubutun shafin shagona bai kawo ciniki, me zan gyara?

Hajiya kin ce kin buɗe shafin intanet na shagonki na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Nijar, mutane na shiga amma ba mai kira. Na leƙa na gani, gaskiya matsalar a rubutun take.

Farkon abin da na tarar shi ne dogon bayani da Faransanci kan tarihin shagon, sai da na yi ta jan allo kafin in ga kayan, kuma ko'ina an sa "a kira don jin farashi". Haba Hajiya, wa zai ƙona kuɗin wayarsa don tambayar kuɗin lita guda? Ki rubuta a fili, lita kaza jaka kaza ta sefa, jarka kaza. Kuma ki sa da Hausa ma, masu sayenki da yawa daga Katsina da Jibiya suke, ba su jin Faransanci, su naira suka sani, to ki ce ana iya lissafi da naira bisa canjin ranar.

Lambar WhatsApp ɗinki tana can ƙasa ta ɓuya, ki dawo da ita sama ki sa +227 a gaba, in ba haka ba na ƙetare ba zai same ki ba. Kwatancen ma "Maradi" kawai kika sa, wace unguwa, kusa da me? Ki faɗi ko kina aika kaya Yamai da Damagaram a mota da yadda ake turo kuɗi.

Ni ƙanena na ba wa nawa shafin ya karanta da ƙarfi a wayarsa, duk inda ya yi tuntuɓe na goge. Har farashin azumin bara muka tarar a ciki.