Ta yaya zaɓaɓɓen shugaba ke rikiɗewa ɗan kama-karya?

Malam, ka tambaya yadda shugaban da aka zaɓa da ƙuri'a zai koma mulkin kama-karya ba tare da juyin mulki ba. Ai yanzu ba sai da tankar yaƙi ba. Da doka ake yi, sannu a hankali, kuma galibi kotuna ake fara taɓawa.

Dubi ƙasar Hangari. A 2010 jam'iyyar Viktor Orban, wanda ya zama firaminista a shekarar, ta samu kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa. A 2011 ta kawo sabon tsarin mulki, aka rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, da yawa suka sauka dole. Aka sake shata mazaɓu, aka kafa hukumar sa ido kan kafafen yaɗa labarai. Duk majalisa ce ta amince. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin muddin ana zaɓe, talaka zai ɗauka komai lafiya lau.

Wasu kuma ba su da wannan haƙurin. Shugaba Fujimori ya rushe majalisar Peru a 1992, Shugaba Kais Saied ya dakatar da ta Tunisiya a 2021. Shi kuwa Shugaba Chavez, ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ya shirya a Benezuwela a 2009, ya cire iyakar wa'adin mulki.