Faiba ta shigo gida amma har yanzu ana jira: tambayoyinku da amsoshinsu

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan intanet ɗin faiba ne, wanda ake jawo waya har cikin ɗaki, dan haka na zaɓi uku, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibinka ne daga Agege. Wata biyu kenan da na sa faiba a gida ina biyan megabit 100, in na gwada da Speedtest yana nuna min 92 ko 95, YouTube kam ba ya tsayawa, amma wlh da na shiga gem sai na buga ƙwallo ɗan wasana ya yi kamar bai ji ba sai daga baya ya motsa, haka in ina bidiyo kol da wanda yake turo min kaya daga Chana sai mu riƙa cin karo a magana. Na yi niyyar ƙara kuɗi in koma 200 ko zai gyaru. Ko dai cutata ake yi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, in ka koma 200 ɗin ma ɗan wasan naka haka zai ci gaba da yi maka taurin kai, dan abin da kake saya daban abin da yake damunka daban.

Ka san tirelar albasa da take tasowa daga arewa zuwa Mile 12. Ita buhu ɗari nawa take ɗauka, wannan shi ne megabit ɗin da kake biya, wato yawan kayan da layinka zai iya kwasa a daƙiƙa ɗaya. Amma kwana nawa za ta yi a hanya, wannan wani lissafi ne daban, kuma ko tirela biyu ka haɗa Sakkwato ba ta matso kusa da Legas ba. YouTube kayan tirela ne, yana jido bidiyon ya tara a wayarka kafin ka kai wajen, shi ya sa ba ka ganin jinkirin. Shi kuwa gem saƙonsa ƙanana ne sosai, abin da yake buƙata ɗan aike mai sauri, ka danna, saƙo ya je wajen babbar kwamfutar da ake cewa saba, ta amsa ya dawo. Lokacin zuwa da dawowan nan shi ake cewa fing, ana auna shi da milisakan, ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Yana nan a shafin Speedtest ɗin da kake dubawa, kawai ido ya fi tafiya kan babbar lambar ne.

Kuma ga inda Speedtest yake ruɗa mutane, shi da kansa yake zaɓo saba mafi kusa da kai, galibi a nan cikin Legas, sai ka ga fing ɗinka ƙasa da 10 ka ce alhamdulillah. To ai gem ɗinka ba a Ikeja yake zaune ba. Yawancin wasannin nan sabarsu tana Turai, wasu Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya. Ka danna wajen canza saba ka zaɓi Landan ko Frankfurt ka sake gwadawa, za ka ga lambar ta tashi zuwa wajen 100 ko fiye, ka zaɓi ta Chana kuwa ta haura 200 nesa ba kusa ba, kaga dalilin cin karon da kuke yi da mutumin naka kenan.

Wani ɓangare na wannan ba laifin kowa ba ne. Haske ne yake ɗaukar saƙo a cikin zaren gilashin da ke cikin wayar faiba, kuma a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato duk kilomita 1,000 zuwa da dawowa milisakan 10 ne. Kebul ɗin MainOne da ya fara aiki a 2010 ya taso daga Fotugal ya biyo ƙarƙashin teku zuwa Legas, tsawonsa kusan kilomita 7,000, kaga 70 ta tafi kenan tun kafin saƙon ya taka ƙasar Turai ya kama hanyar Landan. Babu injiniyan da zai rage maka wannan ko nawa ka ba shi. Haka sauran suke, Glo-1 da WACS da ACE da tsohon SAT-3, da Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022, da 2Africa da ya zo bayansa, sababbin sun ƙara faɗin hanya sosai amma tekun yana nan yadda yake.

Ɓangaren da yake da mai laifi shi ne wace hanya kamfaninka yake bi da kai. Intanet ba layi ɗaya ba ce miƙaƙƙiya, kamfanoni ne barkatai kowa yana miƙa wa wani, kuma sau da yawa ba hanya mafi kusa ake bi ba, hanyar da suka ƙulla yarjejeniya ko ta fi musu araha ita ake bi. Kamar ka hau danfo daga Agege za ka Ikeja direba ya ce sai ya biya ta Ikorodu dan can ne yake da fasinja. A da saƙo daga Legas zuwa wata saba da ke Legas ɗin sai ya je Landan ya dawo, dan magance haka aka kafa IXPN a 2006, wata mahaɗa ce inda kamfanonin intanet na gida suke haɗa wayoyinsu su yi musaya kai tsaye ba sai an tsallaka ruwa ba. Manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Netflix kuma sun ajiye rumbunan bidiyonsu a cikin ƙasar, shi ya sa su suke tashi fit. Amma har gobe akwai layin da in za shi Johannesburg sai ya fara gaida Turai tukuna, alhali akwai kebul da ya gangara kudu kai tsaye. Mutum biyu a titi ɗaya a Agege, kamfani daban daban, gem ɗaya, ɗaya yana ganin 80 ɗaya 190, wannan shi ne sirrin.

Kana iya ganin hanyar da idonka. A kwamfuta mai Windows ka buɗe cmd, baƙin allon nan, ka rubuta tracert ka ba da tazara ka sa adireshin shafin da kake so, za ta jero maka tasha tasha duk inda saƙonka ya yada zango da lokacin da ya ɗauka. Na farko rautarka ce, wato akwatin da ke raba waifai a gidanka, bai kamata ya wuce 1 ko 2 ba in da waya ka jona. Inda ka ga lamba ta yi tsalle daga 5 zuwa 90 da wani abu to nan aka shiga teku, kuma sau tari sunan tashar yana tona asiri, ka ga lon ko lis ko ams ko fra a ciki, Landan kenan ko Lisbon ko Amsterdam ko Frankfurt. Wata tashar za ta nuna taurari kawai, kar ka damu, ba ta amsa irin wannan sallamar ne.

Sai abin da ke hannunka, ka sauke gem daga waifai ka jona waya daga rauta zuwa na'urar, wannan kaɗai yana kashe tsalle-tsallen fing wanda shi ya fi ɓata wasa, gara 110 a tsaye da mai yawo tsakanin 60 da 300. Sannan ka lura da gidan, in ƙanwarka tana tura bidiyon biki a WhatsApp ko wayoyi suna loda hotuna sama, ɗan aiken naka layi yake bi a bayan tirela, in rautarka tana da saitin QoS, wanda yake ba saƙon gaggawa irin na gem fifiko, ka kunna. Ka gwada da asuba ka gwada ƙarfe tara na dare, dan zaren da ya shigo unguwa rabawa ake yi, irin wanda aka fi sakawa gigabit 2.5 ne ake tsaga wa gida 32 ko 64, in dare ne kaɗai yake lalacewa to cunkoso ne, ɗauki hotunan gwajin ka kai musu. Kuma kafin ka canza kamfani ka roƙi maƙwabcin da yake amfani da wani ka gwada gem ɗinka a nasa, ya fi duk wata talla.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ina sayar da atamfa da leshi ta Instagram daga Idi-Araba. An ce min 100 aka sa min amma in ina sauke abu 11 ko 12 nake gani, kuma a falo ne kawai, da na shiga uwar ɗaka shikenan sai juyawa. Yarana sun ce rautar ce jabu.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Na farkon ba a cuce ki ba, mudu biyu ne. Kamfanonin da megabit suke sayarwa, wayarki kuma da megabait take nuna saukewa, kuma bit 8 ne bait ɗaya, 100 a raba 8 ya ba da 12 da rabi, kinga kina samun abinki kusan cif.

Na uwar ɗaka kuma faibar ba ta da laifi, ita aikinta ya ƙare a akwatin da ke bango, daga nan waifai ne, shi kuma bulo da kankare da ƙofar ƙarfe duk cinye shi suke. Na shiga wani gida a Obalende na tarar an tura rautar bayan talabijin a ƙasa, an ma rufa mata ɗankwali wai saboda ƙura, mun ɗago ta muka ɗora kan kabad a baranda ta tsakiya sai ga ɗaki biyu sun samu. Ki duba kuma sunayen waifai ɗinki, yawanci biyu ne, mai 5G a ƙarshen suna da mara shi. Wancan 5G ɗin ba na layin waya ba ne, gigahaz 5 ake nufi, ya fi gudu amma bango yana kayar da shi, shi kuwa 2.4 ya fi ratsa bango sai dai a gidan haya mai yawan mutane kowa a kansa yake. A falo ki hau 5, a ɗaka ki koma 2.4. In bai isa ba a ja waya zuwa ɗakin a sa rauta ta biyu, ki ce a sayo Cat5e ko Cat6 a Computer Village, dan tsohuwar waya da tsohuwar rauta wasu 100 ne iyakarsu.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗan Mile 12 ne, cikin sati biyu sau uku jar wuta tana kamawa a akwatin faibata wajen da aka rubuta LOS. In watsar in sayi Starlink ne?

AMSA: Alhaji jar wutar nan ma'anarta haske ba ya isowa akwatin, kashewa da kunnawa ba ya gyara ta. Ka fara duba siririyar wayar nan, yawanci ruwan ɗorawa ce, ko an lanƙwasa ta ko ƙofa ta matse ko ɓera ya taɓa, gilashi ne a ciki ba ya son a karya shi. In lafiyarta ƙalau to a waje ne, masu haƙa kwalbati ko gyaran titi sun tsinke, ko babbar mota ta ja ta a kan falwaya, wannan kam ruwan dare ne a Legas. Ka kai ƙorafi su ba ka lambar shaida ka adana, in sun yi biris ka kira 622, layin ƙorafi ne na NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma kyauta ne.

Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa suna shawagi wajen kilomita 550 a sama dan haka ba shi da jinkirin tsohon setilayit mai kai milisakan 600, amma yana son sararin sama ba gini a gabansa, ruwan saman Legas mai ƙarfi yana taɓa shi, ga kuɗin kayan. In harkar taka ba ta jure yankewa, ni dai da na bar faibar na ajiye ƙaramar mifi, ɗan akwatin waifai mai sim, ta wani kamfani daban a aljihun tebur. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu suka lalace a teku wajen Kodebuwa har bankuna suka rikice, a ranar waɗanda layinsu na biyu yake kan wani kebul daban su suka ci gaba da karɓar tiransifa.