Kakana ya ce ya yi yaƙin Bama amma jirage yake harbi: gaskiya ne?

Tambaya: Marigayi kakana yana cikin mazan jiya. Yakan ce ya je yaƙin Bama (Burma), amma shi bai ratsa daji da kaya a ka ba, aikinsa shi ne harba igwa sama don kakkaɓo jiragen Japan. Wasu a gidanmu na cewa tsoho ya ƙara wa miya gishiri ne, wai Turawa ba su bai wa baƙar fata irin wannan makami ba. Shin an yi irin wannan runduna?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kakanka. An yi wannan runduna, kuma abin da ya faɗa ya dace da tarihin da aka sani.

Mafarin abin shi ne faɗuwar Faransa a hannun Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a watan Yuni na 1940. Gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ta yi sulhu da Hitila, ita ce ta riƙe Senegal da Gini da Nijar da Dahomey. Dare ɗaya ƙasashen da Ingila ke mulka suka tsinci kansu kewaye da maƙwabcin da ba a amince masa ba. A watan Satumba na wannan shekara Ingila da mutanen Janar de Gaulle suka kai wa Dakar hari, ba su yi nasara ba, gaba ta ƙara tsami.

Wurare biyu ne suka fi hana Turawan Ingila barci. Na farko tashar ruwa ta Freetown a Saliyo, inda jiragen ruwan 'yan kasuwa ke taruwa su yi ayari kafin su nufi Ingila, ga Konakiri ta Gini kusa da ita, jiragen leƙen asirin Vichy kuma suna shawagi a kanta. Na biyu hanyar Takoradi. Akan kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, su ratsa Sudan har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kada ka ɗauka tsoron banza ne: ranar 21 ga Janairu 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ya taso daga kudancin Libiya, ya tsallake Sahara, ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, ya ƙone ma'ajiyar mai. Maiduguri kuwa zango ɗaya ce daga nan.

Ingila ba ta da isassun sojojin da za ta tsugunar a kowace tasha, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da Turawan da aka kawo. Saboda haka ƙarƙashin Janar George Giffard, babban kwamandan Afirka ta Yamma, aka fara horar da 'yan ƙasa su riƙe igwogin. A 1941 aka kafa runduna ta farko ta manyan igwogin kakkaɓo jirage a Freetown, wasu suka biyo baya. Hafsoshi kusan duk Turawa ne, masu aikin igwar kuma 'yan Afirka.

Bari in ɗan tsaya kan igwar, domin a nan ne masu musu a gidanku suka yi kuskure. Babbar ita ce mai bakin inci 3.7. Nauyinta ya kai tan 9, ƙwayar harsashinta kilo 12 da ɗoriya, tana kuma cilla shi sama kimanin kilomita 9. Ba a saita ta kai tsaye kan jirgi yadda maharbi ke saita barewa. Kafin harsashi ya isa can sama, jirgin ya yi nisa. Dole a harba inda zai kasance bayan daƙiƙu masu yawa. Akwai masu na'urar auna tsayin jirgi, akwai masu na'urar lissafi da ke fitar da inda za a nufa, sai lissafin ya bi waya ya iso jikin igwa. Mutum ɗaya yana juya ta hagu da dama, wani yana ɗaga bakinta, kowanne idonsa kan allura yana bin ta. Wani yana murza kan harsashi don ya fashe a daidai lokacin da ake so, wasu suna ɗurawa. In ɗaya ya yi jinkirin ƙiftawar ido, aikin kowa ya tashi a banza. Samarin da aka ɗauko daga gona da kasuwa, da yawansu ba su taɓa shiga ajin boko ba, su suka koyi wannan cikin watanni, ana ba su umarni da harshen da ba nasu ba. Ni a wurina wannan ya isa abin alfahari ko da ba su harbo jirgi ko ɗaya ba. Akwai kuma ƙaramar igwa ta Bofors mai milimita 40, wadda ke aman harsashi 120 a minti, don jiragen da ke sauko ƙasa-ƙasa.

A watan Nuwamba na 1942 sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, hukumomin Faransa na Dakar suka sauya sheƙa, barazanar ta gushe. Sai aka ga ga ƙwararrun 'yan igwa zaune ba aiki, alhali Indiya na neman su ruwa a jallo. A 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa, suka yi aiki ƙarƙashin Birged ta 14 ta Afirka ta Yamma mai kakkaɓo jirage. Japan ta riga ta datse hanyar motar da ke kai kaya ƙasar Sin ta cikin Bama, don haka daga filayen jirgin Assam, a arewa maso gabashin Indiya, ake tashi da makamai da mai a ƙetare duwatsun Himalaya. Jiragen Japan sun kai wa waɗannan filaye hari a 1942, sun kuma jefa wa Kalkata bama-bamai. Gadin irin waɗannan wurare shi ne aikin su kakanka.

Dalilin da ya sa ba a jin labarinsu shi ne yanayin aikin kansa. Runduna ta 81 da ta 82, na sojojin ƙasa na Afirka ta Yamma, sun shiga kwarin Kaladan da Arakan a Bama, sun ci Myohaung a Janairun 1945, sunan ya zauna a barikoki har yau. Ɗan igwa kuwa yakan yi wata da watanni cikin ruwan damina da laka, yana goge ƙarfe yana duban sama. Amfaninsa sau da yawa shi ne ya tilasta wa jirgin abokan gaba ya tashi can sama har jifansa ya kauce, ko ya fasa zuwa gaba ɗaya, kuma ba a rera wa harin da bai auku ba waƙa. Da ƙarfin Japan a sama ya karye wajen ƙarshen yaƙi, an juya bakin irin waɗannan manyan igwogi ƙasa ana dukan sansanonin abokan gaba da su.

In takardar sallamarsa tana nan, duba ta. Haruffan WAA na nufin rundunar igwa ta Afirka ta Yamma, HAA manyan igwogin harbin jirgi, LAA ƙananan. Duba lambobin yabonsa kuma, ka nemi tauraro mai tsini shida wanda ƙyallensa ke da ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Wannan ita ce lambar Bama, kuma ƙa'idarta ta haɗa da waɗanda suka yi aiki a Assam da Bengal daga Mayun 1942 zuwa ƙarshen 1943, da gabashin kogin Brahmaputra bayan nan. Wanda ya tsare filin jirgi a can, hukumar soja da kanta ta lissafa shi cikin mayaƙan Bama.