Me zan bincika kafin in sayi lasisin buɗe reshe da sunan wani kamfani?

Malam, ka ce kana shirin biyan kuɗi domin ka buɗe shago da suna da tsarin wani kamfani. Fara da neman takardar bayanan kamfanin da cikakkiyar yarjejeniyar. A Amurka doka ta wajabta a ba mai saye takarda mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya komai. Ko a inda babu wannan dokar, nemi irin bayanan: ƙararrakin kotu, rassan da aka rufe, da asusun kamfanin da akanta ya tantance.

Inda aka fi yin asara shi ne kason da kamfanin ke karɓa. Yawanci daga jimlar ciniki ake cire shi, ba daga riba ba, har a watan da ka faɗi. A ce kason 6 ne cikin 100, kuɗin talla 2, ribarka kafin a cire su kuma 15 cikin 100 na ciniki: fiye da rabinta ta tafi. Ƙara da tilasta maka sayen kaya daga wurinsu a farashinsu.

Tuntuɓi masu rassa, musamman waɗanda suka bari, ka tambaye su wata nawa suka yi kafin shagon ya riƙe kansa. Su ne ba su da dalilin yi maka daɗin baki.

Sannan lauya ya duba maka iyakar yankinka, domin kada a buɗe wani reshe kusa da kai, da sharuɗɗan sabuntawa, sayarwa da soke yarjejeniyar.