Fad ɗin birkin Hilux ɗina baya kai wata uku, jabu ne ko ƙafata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum oga. Ina jan Hilux mai ogzilari, wato mai ja da taya huɗu, ina ɗauko shinkafa daga fadamun wajen Auyo zuwa Haɗeja, hanyar rabi yashi rabi taɓo. Tun faɗuwar damina sau biyu kenan ina canza fad ɗin gaba, na ƙarshen ko wata uku bai yi ba ya fara kuka, kuma na ɓangaren direba yafi cinyewa. Maigidana yace ƙafata ce da nauyi, ni kuma nace jabu ake sayar mana. Waye da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam malam direba. To kai da maigidan naka kowa ya taɓo wani abu, amma maganar da ka faɗa ta ƙarshe ita ta tona asirin, wato ɓangare ɗaya yafi cinyewa. Da ƙafa ce ko jabu ai tare zasu ƙare hagu da dama. In ɗaya ya riga ɗaya to kalifa ce take riƙewa, wato ƙarfen nan da yake matse fad a jikin diski, faifan da yake juyawa tare da taya.

Yawancin Hilux masu ogzilari kalifarsu ta gaba fistin 4 gareta, biyu ciki biyu waje, kowanne da ƴar robar da take tare masa ƙura. Robar nan in ta tsage ruwan fadama ya shiga sai fistin yayi tsatsa, ka taka birki ya fito, ka saki ya ƙi komawa, shikenan fad yana manne da diski kana ta tafiya yana ta ci kai baka sani ba. Kwanaki aka kawo min wata Hilux, da na zare fad ɗin na ciki saura ƙarfe zalla har ya yiwa diskin zane kamar kunyar gyaɗa, na wajen kuwa ko rabi bai ci ba, bayan fistin ɗin laka ce ta bushe kamar tubali sai da na sa sukundireba na kankare.

Gwajin ba sai kaje gareji ba. Kayi tafiya kamar kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim na gaba, kar ka taɓa diskin wallahi zai ɗauke maka fata. Wanda yafi zafi shine mai laifin. Ko ka ɗaga ta da jak ka juya tayar da hannu, in tana cijewa ka samu amsa.

Shi kuma yashin Jigawa in ya haɗu da ruwa ya shiga tsakanin fad da diski aikin samfefa yake yi, ko orijina ka saka bazai kai na motar da take kan kwalta ba, wannan kam sai haƙuri. Abinda zaka iya shine duk ranar da ka keta taɓo ka watsa ruwa ta cikin rim kafin lakar ta bushe, amma ka bari diskin ya huce tukuna. In ka fito daga ruwa ka ɗan dinga taɓa birki a hankali kana tafiya har ya bushe. A cikin yashi kuwa ɗaga ƙafa daga totur ma ya isa, yashin da kansa zai tsayar da kai.

Sai abinda kusan kowa yake mantawa dashi, baya. Birkin bayan yawancin Hilux dram ne da shu, wato gangar ƙarfe da abin da yake goga ta daga ciki, laka in ta shiga can bata fita da kanta, abin daidaita shu ɗin ya cije, birkin baya ya zama na ado. Dama gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, sai kuma ka lafta mata buhuna sun fi ƙarfinta, duk nauyin ya koma kan fad. In birkin hannunka sai ka ja shi har ƙarshe yake kamawa, a buɗe dram a wanke a daidaita.

Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 ne, in ya dawo 3 a canza kar a jira kukan ƙarfe, kuma hagu da dama tare. Diskin ma akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jikinsa, in yayi zane sosai sabon fad ɗin ma cinye shi zai yi. Ka tsaya a kan bakaniken ya sa wa fistin ɗin sabbin robobi, kuma kar ya kuskura ya shafa musu baƙin mai ko giris ɗin bariya, kumbura suke yi. Man birki DOT 3 ko DOT 4 yana shan ruwa, duk shekara 2 a zubar a zuba sabo, kai da kake yawo a fadama ma kar ka bari ya kai.

Jabu kam akwai shi a kasuwa, ban ce babu ba, mai arhar nan yana saurin zama gari. Amma ka fara gyara kalifar kafin kaje kayi rigima da mai shago. In an gama ɗaurawa ka taka birki sau huɗu biyar ya cika kafin ka tada motar, don takun farko fanko ne.